Shagon da nake kai rubutun fim ɗina a Zoo Road

Sama da shekara ɗaya ke nan ina zirga-zirga zuwa wannan shagon, kuma tunda kullum sai wata a cikin 'yan uwana marubuta ta tambaye ni wai a ina nake kai aikina a buga, na ce bari dai in zauna in rubuta yadda na same shi gaba ɗaya, mai daɗin da mara daɗin. Shagon kwamfuta ne irin wanda muke ce wa bizines senta, yana cikin wani layi da ya ɓalle daga titin Zoo Road a Kano, ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, kwamfuta uku, firinta biyu, injin fotokofi babba guda ɗaya da abin yin bandin. Idan kika wuce ta ƙofarsa ba abin da zai ja hankalinki, irinsu sun fi a ƙirga a garin nan. Abin da ya sa nake tsallake shaguna wajen shida da ke kusa da gidanmu in hau adaidaita sahu in zo nan shi ne wata mata da ke zaune a kwamfutar ƙarshe ta jikin taga, wadda kowa yake ce wa Anti.

Bari in fara da ni kaina don ku gane a ina na tsaya. Ni malamar firamare ce, kuma na daɗe ina rubuta nobel a waya ina sakawa a gurup na WhatsApp shafi-shafi, kamar yadda da yawanmu muka fara. Lokacin rubutuna bayan sallar asuba ne, daga na idar zuwa ƙarfe shida da rabi kafin gida ya tashi, sai kuma bayan isha'i idan ban gaji da makin ɗin littattafan yara ba. Ina da wani littafin rubutu na 'yan makaranta da ba ya barin jakata, a nan nake zuba maganganun da na tsinta a bakin mutane, a adaidaita sahu, a gidan biki, a layin asibiti, don wallahi maganar da tsohuwa za ta yi wa direba a kan canjin naira hamsin ta fi duk wadda zan zauna in ƙirƙira daɗi. Da na yanke shawarar in gwada rubutun fim sai na ɗauki wani labarina na wata bazawara da take rigimar gadon gida da ƙannen mijinta, na ce shi zan mayar fim mai dogon zango. Na yi wata uku ina rubutawa a waya, na gama fitowa ta farko, wato episode na farko, na ce to saura in fitar da shi a takarda in kai wa masu abin.

Ranar da na fara zuwa shagon an yi ruwa, layin duk ya caɓe, na shiga da laka a takalmina. Yaron shagon ya karɓi wayata zai tura fayil ɗin kawai ya buga, sai Anti ta ɗago ta ce mene ne za a buga, na ce sikirif ne na fim. Ta ce turo min in gani. Ta buɗe, ta yi shiru tana jan linzami ƙasa, ta kai kamar minti biyar ba ta ce komai ba, ni kuma ina tsaye gabana yana faɗuwa. Can ta juyo ta ce, “Ƙanwata, labarinki yana da kyau, amma wannan nobel ce kika sa wa lambar sin.” Sin shi ne yanki ɗaya na fim da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ta nuna min wani layi da na rubuta cewa zuciyar jarumar ta karye, ta tuna duk wahalar da ta sha a gidan shekara goma sha biyu. Ta ce, “To mai kyamara me zai ɗauka a nan? Zuciyar zai buɗe?” Na ce a'a Anti. Ta ce, “Me take yi da hannunta a lokacin?” Na tsaya ina tunani, sai na ce tana naɗe tabarmar sallar mijin ne tana sakawa a akwati. Ta ce, “Yawwa, shi za ki rubuta.” Ba ta karɓi ko sisi a hannuna ba ranar, ta ce in je in gyara in dawo, asarar takarda ce a buga shi a haka. Na fita raina ba daɗi, ba zan ɓoye ba, amma kafin in isa gida na riga na gano wurare wajen goma da na yi irin wannan kuskuren.

Daga baya na ji cewa ta yi shekaru tana aikin taifin a wani ofis kafin ta dawo shagon, kuma da yake unguwar cike take da ofisoshin 'yan Kannywood, sikirif iri-iri sun bi ta hannunta, shi ya sa idonta ya saba. Wannan shi ne babban abin da shagon yake da shi wanda ban samu a wani wuri ba: sun san yadda rubutun fim yake zama a takarda. Nau'in harafin da ake amfani da shi Courier ne, girma 12, kuma ba don ado aka zaɓe shi ba, shi wannan harafin kowanne faɗinsa ɗaya da ɗan uwansa, guda goma ne suke cika inci ɗaya, kamar na tsohon keken rubutu, don haka yawan rubutun da shafi yake ɗauka ba ya canzawa sosai. Ana barin inci ɗaya da rabi a gefen hagu saboda bandin kar ya cinye rubutu. Kowane sin yana farawa da layi ɗaya na manyan baƙaƙe da zai faɗi abu uku, ciki ne ko waje, a ina ne, rana ce ko dare, misali CIKI. FALON HAJIYA. DARE. Sai bayanin abin da ido zai gani, gajere. Sai sunan mai magana a tsakiya da manyan baƙaƙe, maganarsa a ƙarƙashi a matse. Idan aka bi wannan tsarin, shafi ɗaya yana zuwa kusan minti ɗaya a fim, shi ya sa fim mai tsawon awa ɗaya da rabi zuwa biyu yake kamawa shafi 90 zuwa 120. Da ban san amfanin wannan ba, na ɗauka tsirfa ce kawai ta Turawa, sai da Anti ta fahimtar da ni cewa furodusa idan ya ɗauki takardarki ba daɗin labari kaɗai yake dubawa ba, kan sin ɗin yake bi yana ƙirga lokeshan nawa ne, dare nawa za a kwana ana shutin, janareto da fitila na kwana nawa, mutum nawa za a ciyar. Idan bai iya ƙirgawa ba ajiye takardar zai yi.

Akwai manhajojin da aka yi musamman don wannan aikin, wadda ta fi suna ita ce Final Draft, amma kuɗinta ya kai kusan dala 250, ku lissafa da naira ku gani ko malamar firamare za ta iya. Akwai na kyauta irin su Trelby ga mai laftof. Ni ba ni da laftof har yanzu, ina tarawa. Abin da Anti ta yi shi ne ta tsara nata samfurin a Microsoft Word, ta saita wurin kan sin daban, na bayani daban, na suna daban, na magana daban, to idan na turo rubutuna daga waya sai ta zuba shi a ciki ta bi layi-layi tana daidaitawa. Ta koya min yadda zan riƙa rubutawa a wayar don aikin ya yi mata sauƙi ni ma kuɗina ya ragu: kar in yi ta danna sifes ina ƙoƙarin kai suna tsakiya, in rubuta komai a gefen hagu kawai, kan sin da sunaye da manyan baƙaƙe, in bar layi ɗaya fanko a tsakani, sauran aikinta ne. Tunda na koma haka, abin da yake ɗaukar ta awa biyu ya dawo kamar minti arba'in.

Sai maganar haruffan nan namu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, wadda ni ta dame ni sosai don ina koya wa yara Hausa kuma ba na son in ga an rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa, ko bari a wurin ɓari. A waya ba matsala, Gboard yana da allon Hausa da duk haruffan. Amma na taɓa kai wata takarda wani shagon daban aka buga min, duk inda harafi mai ƙugiya yake sai ga ɗan akwati fanko ya fito, shafi ashirin haka, kuma suka ce sai na biya. Dalili shi ne ba kowane nau'in harafi ne yake ɗauke da su ba. A nan shagon tun ranar farko Anti ta buga shafi ɗaya na gwaji ta miƙo min ta ce duba ƙugiyoyinki sun fito ko, sannan ta mayar da fayil ɗin PDF kafin ta buga sauran don kar komai ya motsa. Ɗan ƙaramin abu ne amma ga mai rubutun Hausa ba ƙarami ba ne, jarumi yana karanta dayalog a lokeshan cikin gaggawa, idan ya ci karo da akwati a tsakiyar kalma ai cinkar abin zai yi.

Abin da takardar ta canza min a aikina shi ne nake so in fi daɗewa a kai, don shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗin da nake kashewa a shagon ba asara ba ne. A waya komai kyau yake min, ina ja da yatsa yana wucewa, ban taɓa ganin tsawon abu ba. Ranar da na riƙe fitowa ta farko a hannu, shafi 52, na zo gida na baza a tabarma, na kira ƙannena biyu da wata maƙociyarmu na raba musu suna, muka karanta da baki daga farko har ƙarshe ina duba agogo. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Gaisuwa kaɗai ta cinye min wajen shafi shida. Duk wanda ya shigo sai ya yi sallama, an amsa, ina wuni, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, a kawo ruwa, sannan a fara magana. Haka muke a gida, kuma ba na son fim ɗin Hausa da za a shigo wa babba ba gaisuwa, amma na gane ba dole ne kyamara ta tsaya a kan kowace gaisuwa ba, ana iya buɗe sin an riga an gaisa kofin ruwa yana gaban baƙo ya sha rabi. Inda na bar gaisuwa cikakkiya wuri ɗaya ne, inda ƙanin mijin ya gaida bazawarar ta amsa masa da “lafiya” guda ɗaya ta ci gaba da tsintar shinkafarta, don a nan gaisuwar ita ce rigimar. Sai kuma na ɗauki jan biro na ƙirga kan sin, cikin sin 31, guda 19 a falo suke, mutane a zaune a kujera suna magana. Na ji kunyar abin. Na fitar da wasu zuwa tsakar gida wajen murhu, ɗaya zuwa bakin famfo, ɗaya soro, kuma abin mamaki da na canza wurin sai maganar ma ta canza da kanta, don matar da ke wanke-wanke ba ta yin doguwar jimla.

Yanzu tsarina ya zauna. Litinin zuwa Alhamis rubutu bayan asuba, sin biyu ko uku a rana, ba na wuce haka ko da abin yana zuwa. Juma'a ba na taɓa shi. Asabar da safe shago. Lahadi da yamma karatu da baki a tsakar gida da jan biro. Sai in koma waya in shigar da gyaran. Kowace fitowa sai ta sha bugu sau biyu, wata sau uku, kafin in yarda da ita.

Maganar wuta, a nan ma sun ci yabo. Suna da sola da batura, janareto na ko-ta-kwana ne kawai ga babban injin fotokofi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 duk shagon da ya dogara da janareto sai ka ji ana cewa bugun janareto kuɗinsa daban, ko a ce ki jira mutane su taru kafin a tayar. A nan ba a taɓa ce min haka ba. Na fi ganin amfanin abin a ƙarshen Oktoban 2024 lokacin da layin da ke kawo wa arewa wuta ya lalace aka yi sama da mako guda Kano tana cikin duhu, masu cajin waya suka tsawwala kuɗi, ni kuma duk aikina a waya yake. Oga mai shagon ya ce in riƙa kawo wayar da fawa bank ɗina in jona a bayan kanta, bai karɓi komai ba, ya ce “Malama ai ke ta gida ce.” A wannan makon a kan bencinsu na rubuta fitowa ta biyu kusan rabi, ana ta hayaniya a kaina, kuma ta fito.

Kuɗinsu ba shi ne mafi arha a unguwar ba, ku san da wannan. Bugun shafi ɗaya daidai yake da na sauran wurare, amma daidaita rubutun da Anti take yi kuɗinsa daban, a kan shafi take lissafawa, kuma ta cancanta. Idan shafukan sun haura hamsin suna ragi ba sai kin roƙa ba. Abin da suka ba ni shawara kuma ya rage min kashe kuɗi shi ne a buga kwafi ɗaya a firinta, sauran a yi fotokofi gaba da baya, tunda na karatun gida ne. Wanda zan kai wa furodusa shi kaɗai ake bugawa fuska ɗaya a yi masa bandin mai zobe da bango na roba. Ku yi lissafi da kanku: yawancin fina-finai masu dogon zango fitowa 13 ne a zango ɗaya, idan kowace fitowa minti 45 ce, shafi 585 ke nan, alhali rim ɗin takarda A4 guda 500 ne a ciki. Wato zango ɗaya kwafi ɗaya ya fi rim, ba a ma zo maganar gyara ba. Shi ya sa yanzu nake sayen rim ɗina in ajiye a wurinsu da sunana a jiki, su cire kuɗin takarda su caje ni na tawada da aiki kawai, kuma ban taɓa zuwa na tarar an taɓa min ba.

To sai abin da kowace marubuciya take tsoro, satar labari. Ni ma da shi na shiga. Unguwa ce da 'yan fim suke shiga da fita, ki bar labarinki a kwamfutar shago ai kamar kin shanya shi a bakin titi ne. Tsarinsu shi ne da an gama bugawa Anti take goge fayil ɗin a gabana har daga kwandon shara na kwamfutar, ta tura min wanda ta daidaita ta WhatsApp. Amma akwai ranar da raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito daga shagon na tsaya sayen awara a wajen wata yarinya a bakin layin, ta naɗe min a takarda, ina buɗewa sai na ga rubutun Courier, kan sin da sunan mai magana a tsakiya, mai ya jiƙa rabinsa. Ba nawa ba ne, na wani ne, amma sikirif ne sak, wani bawan Allah ya kwana yana rubutawa. Ashe yaron shagon yana tara takardun da suka lalace wajen bugu yana ba masu awara da ƙosai. Na koma ciki da takardar a hannuna na nuna wa Oga, na ce Oga dubi wannan, gobe nawa ne zai zo nan. Bai yi musu ba, bai kare yaron ba, ya ce wallahi bai san da sikirif a ciki ba, ya ba ni haƙuri. Daga ranar suka ware kwali daban, duk takardar fim ko ta kotu ko ta asibiti da ta lalace a yayyaga ta nan take. Nawa kuwa ko shafi ɗaya ne ya ɓaci a jakata nake tahowa da shi. Ina ba kowa shawara ta yi haka a duk shagon da take zuwa.

Kuma tunda an zo nan, ku sani dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022 aka sa mata hannu a Maris ɗin 2023, tana kare abin da kika rubuta ne, ba tunanin da ke kanki ba. Idan kika zauna a ofishin wani kika ba shi labarinki da baki daga farko har ƙarshe, ya je ya sa aka rubuta, ba ki da abin riƙewa. Idan rubutacce ne da sunanki da kwanan wata, maganar daban ce, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa tana da tsarin yin rajistar aiki ta intanet. Ni abin da nake yi kafin in nuna wa kowa, ina tura wa kaina PDF ɗin ta imel don kwanan watan ya zauna, kuma Anti tana sa min sunana da kwanan wata a shafin farko na kowane bugu.

Sauran abubuwan da ba su yi min ba, wurin ya yi ƙanƙanta sosai. Benci ɗaya ne na mutum huɗu, maza da mata a nan ake cakuɗa, sau da yawa a tsaye nake jira a baranda. Babu wurin da mace za ta yi alwala ta yi salla, idan azahar ta riske ni sai dai in shiga wani gida a layin in roƙi arziki, na faɗa wa Oga ko labule ne ya sa a lungun bayan injin ya shimfiɗa darduma, ya ce zai duba, har yau dai shiru. Lokacin da ɗalibai suke buga furojet ko ake rajistar jarabawa kuwa kar ma ki je da rana, na taɓa zama awa uku ban samu Anti ba, dole na koma gida. Kuma duk ingancin wurin a kan mutum ɗaya ya rataya, ranar da ba ta zo ba shagon ya zama kamar kowane shago, yaron yana da hanzari amma ba ya dubawa, ya taɓa yi min bandin shafi na 30 zuwa 38 a juye, sai da muka zo tsakiyar karatu a gida muka ga magana ta ƙi haɗuwa. Sun sake min kyauta, amma kuɗin motar da na kashe na dawowa ba wanda ya biya ni. Yanzu ba na barin wurin sai na ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Filash kuma ban yarda in soka a kwamfutar kowane shago ba saboda bairos, ta WhatsApp ko imel nake turawa.

Wani abu da nake so 'yan uwa su cire a ransu, don na ga wasu suna tambayata da wannan fatan: shagon ba hanyar shiga Kannywood ba ce. Eh, za ki ga 'yan fim suna shigowa buga takardunsu, wani lokacin har fuskar da kika sani a talabijin, amma Anti ba ta haɗa kowa da kowa, ta ce min tun farko ita aikinta takarda, kuma ina ganin wannan ɗin ne ya sa ake yarda da ita a bar mata sirri. Kasuwar ma ta canza, zamanin da ake kai kaset da sidi Ƙofar Wambai ya wuce, yanzu YouTube ne da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, kuma abin da suke ci shi ne dogon zango, wato marubucin da zai iya kawo fitowa bayan fitowa ba ya yankewa. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ke nan tun 2001, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan maganar kai su tacewa kafin a saki. Duk wannan yana nufin furodusa yana son ya ga abu a rubuce tsaf tun kafin ya kashe kuɗinsa, ya san me ke ciki. Ni dai zuwa yanzu mutum ɗaya ne ya karɓi fitowata ta farko ya karanta, ya kira ni bayan mako biyu ya ce in kawo ta biyu da ta uku, bai yi min alkawarin komai ba, amma ya ce ya ji daɗin yadda bai sha wahalar ƙirga lokeshan ba.

Idan za ki je, ki je da safe tsakanin tara da sha ɗaya, Asabar ta fi, ki tabbatar Anti tana nan kafin ki hau mota. Ki tafi da rubutunki a gefen hagu yadda na faɗa, ki ce a buga miki shafi ɗaya na gwaji ki duba ƙugiyoyi, ki ƙirga shafuka bayan bandin, ki kwashe waɗanda suka lalace. Kuma ki shirya jin gaskiya, don idan nobel kika kai za ta faɗa miki a gaban kowa, da murya ƙasa-ƙasa dai amma za ta faɗa. Asabar ɗin da ta wuce na kai fitowa ta huɗu, tana daidaitawa ta tsaya a sin na 17 inda bazawarar ta je kotu, ta ce, “Ƙanwata, alƙalin nan naki ya cika surutu, shafi biyu shi kaɗai.” Na ce Anti ai hukunci yake karantawa. Ta ce to ki bar mu mu ga fuskar matar yana karantawa. Na dawo da shi gida ban buga ba, jibi bayan asuba zan zauna a kansa.